Filafilin da Ya Zama Gwamna

Akwai wani tambari shuɗi da ke yawan fitowa a fuskar kwamfutocinmu, mu masu rubuta manhaja. A tsakiyarsa akwai farar da'ira mai sanduna bakwai, kowane sanda ya ɗan leƙo waje. Ran nan a ɗakin da muke aiki a Tudun Wada, wani yaro da ke koyon aiki a wurinmu ya tsura wa tambarin ido, can sai ya ce, "Yaya, wannan ƙafar amalanke ce?" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin mu ma da muka san amsar a hoto muka san ta. Sitiyarin jirgin ruwa ne irin na da, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa ɗora hannu a kan irinsa. Ruwan da muka tashi muka gani shi ne Kubanni, wanda kan tsotse da rani har ya koma ɗan ziri, sai kuma Galma in mutum ya fita bayan gari.

Sunan manhajar Kubernetes. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta matuƙin jirgin ruwa, mutumin da abin juya jirgi ke hannunsa. Abin da ya sa muka ga ya dace a yi rubutu a kanta shi ne, duk da wuyar faɗarta, ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Kullum muna furta ta, a rediyo da majalisar bakin titi da teburin mai shayi, wani lokaci da yabo, wani lokaci da tsaki. Ita ce gwamna.

Mu fara da katakon kansa. Jiragen Girkawa da na Rumawan da ba su da sitiyari. Abin da suke da shi manyan filafilai ne guda biyu, ɗaya a kowane gefe na bayan jirgi, an ɗaure su yadda za su iya murɗawa a cikin ruwa. A saman kowanne an soka ɗan sanda a gicciye, shi matuƙi yake riƙewa. In ya murɗa, faɗin filafilin ya tare ruwan da ke wucewa, ruwan ya ture gindin jirgi gefe guda, goshinsa ya karkata ɗaya gefen. Rumawa suka ari kalmar tuƙin daga Girkawa, suka mayar da "k" ɗinta "g". Tuƙa jirgi ya zama gubernare a Latin, mai tuƙin gubernator, shi kuwa filafilin da ake juya jirgin da shi gubernaculum.

Mutanen arewacin Turai filafili ɗaya suke sawa, a hannun dama, shi ya sa har yau sunan gefen dama na jirgi a Turanci, starboard, asalinsa "gefen tuƙi" ne. Katakon da ake liƙawa a tsakiyar gindin jirgi kuwa, Sinawa sun san shi tun kusan shekara 2000 da suka wuce, bai bayyana a jiragen Turai ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 12. Sitiyari mai da'ira ya zo ne a farkon ƙarni na 18, lokacin da jirage suka yi girman da hannu ba ya iya ture sandan, aka haɗa shi da igiya da gargare. Ke nan abin da aka zana a tambarin nan namu, Bagirken da aka ari sunansa bai taɓa ganinsa ba. Ba mu kaɗai muka san shi a hoto ba.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan katako da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo kanta. Ba shi da ƙarfin kansa. Aikinsa karkatar da ruwan da ke gudu a jikinsa ne, saboda haka in jirgi ba ya keta ruwa, in babu iska a filafilan zane, babu masu tuƙi da hannu, babu inji, to ko matuƙi zai wuni yana murɗawa jirgin ba zai saurare shi ba.

Daga jirgi kalmar ta hau tudu da wuri. Aflatun, a kashi na shida na littafinsa Jamhuriya, wanda ya rubuta a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kwatanta birni da jirgi. Mai jirgin ƙaƙƙarfa ne amma kunnensa da idonsa ba su da kaifi. Ma'aikatan jirgi sun zagaye shi, kowa na son a miƙa masa tuƙi alhali babu wanda ya koya, shi kuwa wanda ya san taurari da iska da lokutan shekara sai suka ɗauke shi mai kallon sama marar amfani. Ya kamata a faɗa, Aflatun ya kawo misalin ne don ya soki mulkin jama'a na birnin Atina, don haka masu son ɗauko shi a lokacin kamfe su san takobin da suka zara. Marubutan Rum irin su Cicero sun riƙa cewa wane ya riƙe filafilan ƙasa in suna nufin ya karɓi mulki. Daga Latin kalmar ta gangara tsohon Faransanci, daga nan Turancin Ingila ya ɗauka. Kafin ta iso mana ta riga ta bushe, babu wanda ke jin warin ruwa a jikinta.

Amma ta ruwa ta iso. A Lokoja, inda Neja da Binuwai suka haɗu, Lugard ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. A lokacin muƙaminsa Babban Kwamishina ne. A zamanin magajinsa, Percy Girouard, aka mayar da sunan kujerar gwamna, shi kuma Lugard sai da ya dawo a 1912 ya zama Gwamna Luggan da kakanninmu suka riƙe sunansa. Girouard injiniyan layin dogo ne, ɗan Kanada, kuma shi ya tsaya aka ja dogo daga Baro zuwa Kano. Baro tashar jiragen ruwa ce a bakin Neja. Ƙarafan dogon da kan jirgin duk ta kogi aka hauro da su, aka sauke a can, aka riƙa shimfiɗawa ana yowa arewa har aka ratsa Zariya aka kai Kano a 1911.

Abin da Bahaushe ya yi da ya ga wannan dogon abu mai hayaƙi shi ne ya fi ba mu sha'awa. Bai ari sunansa ba. Ya waiwaya kogi ya ɗauko jirgi, abin da ake shiga a ƙetare ruwa, ya ce wannan na ƙasa ne. Da wani ya zo yana shawagi ya ce na sama ne, har ta kai shi na asalin sai an ƙara masa "na ruwa" kafin a gane shi ake nufi. Haka tuƙi. Aikatau ɗin da ake faɗa wa mai juya muciya a tukunyar tuwo, da mai zura filafili a ruwa yana ja, shi aka ba mai keke da mai mota da mai jirgin sama. Mun ari direba, mun ari sitiyari da birki da giya, amma aikin kansa ba mu sake masa suna ba. Ko kuɗin fito da 'yan jarida ke faɗa in ana maganar harajin shigo da kaya, daga bakin kogi ya taso, ladan mai ƙetarar da mutum ne da kayansa. Mutanen da ake ɗauka na tudu ne ashe suna da ruwa a harshensu fiye da yadda suka lura. Da ma ba duka Hausawa ne na tudu ba: Sarkawan Kabi da mutanen Yawuri a cikin jirgi suke tun kaka da kakanni.

Sunayen muƙaman da suka zo tare da gwamna yawancinsu sun mutu. Yaro a yau bai san Razdan ba, bai san Di'o ba, En'e ma sai a bakin tsofaffi. Gwamna ce ta rayu, ta haifi gwamnati, ta wuce daga Bature zuwa Sir Kashim Ibrahim a 1962, daga baya ta kai ga sojojin da aka raba wa jihohi a 1967, har zuwa masu neman ƙuri'armu yanzu.

Sai dai in aka saurari yadda muke maganar mulki in mun bar kalmar aro, za a ji babu jirgi a ciki. Doki ne da raƙumi. Sabon shugaba karɓar ragamar mulki yake yi, kuma ragama igiyar da ake sa wa doki a kai ce a ja shi. Uban jam'iyya shi ke jan akala, in an ci amana a ce an karkatar da akalar kuɗin, akala kuwa ta raƙumi ce. Wanda ya wuce gona da iri a ce a ja masa linzami. Kalmomin da muka aro daga Larabci ma a barga aka haife su. Siyasa ta fito daga tushen da ke nufin kula da doki da horar da shi, tushe ɗaya da sa'is, mai kiwon dawaki. Hukuma da hukunci da hakimi kuwa, malaman lugga na Larabawa sun danganta tushensu da hakama, wani sashe na linzami da ke hana doki ƙwacewa. Babu mamaki. Daular da ta riƙe ƙasar nan kafin Bature a kan doki ta tsaya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya ga ragowar wannan da idonsa.

Da farko mun ɗauka misalin jirgi ya fi na doki mutunci, kuma akwai hujja. Matuƙi a cikin jirgin yake tare da fasinja, in ya kife da shi zai kife, abin da muke nufi ke nan in mun ce jirgi ɗaya ya kwaso mu. A baya yake zama, kowa na gabansa yana ganinsu. Linzami kuwa, musamman irin namu na gargajiya mai harshen ƙarfe da zoben da ke zagaye haɓar doki, da ciwo yake aiki. Wanda ya taɓa ganin kumfa mai jini a bakin doki bayan an yi jafi ya san ba lallashi ne ya tsayar da shi ba. Wa zai so a kwatanta shi da dabbar da aka cusa wa ƙarfe a baki?

Amma da muka ƙara juya maganar sai muka ga ba ta miƙe haka ba. A misalin jirgi talaka kaya ne, ko katako, abin da ake kai wa inda matuƙi ya nufa. Jirgi ba ya ƙi. Doki kuwa yana da rai da ra'ayi, yana tirjewa, yana tutsu, yana kayar da mahayin da bai iya ba, kuma dole a ba shi dawa da harawa kafin a hau. Wanda ya ce siyasa kiwon doki ce ya yarda cewa abin da ake mulka zai iya cewa a'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma misalin Aflatun bai ba shi wuri ba.

Tarihin jiharmu yana da wani babi da katakon nan ya fi kowane linzami bayyana shi. A 1979 aka zaɓi Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP gwamnan Kaduna, lokacin Katsina na cikinta, amma rinjaye a majalisar jiha na NPN ne. Ya aika sunayen kwamishinoni majalisa ta ƙi amincewa, ya sake aikawa ta sake ƙi, har aka tsige shi a watan Yunin 1981 bai kafa majalisar zartarwa ba, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Kowa da ɓangaren da yake ɗauka a wannan rigima, kuma ba ita ce gabanmu ba. Abin da muke nunawa shi ne siffarta: mutum na riƙe da filafilin tuƙi, doka ta ce nasa ne, amma jirgin ba ya keta ruwa.

Kalmar tana da wani reshe da bai bi ta fada ba, ta maƙera ya bi, kuma shi ne ya kawo ta teburinmu. A 1788 James Watt ya ɗora wa injin tururinsa wata na'ura: ƙwallaye biyu na ƙarfe a jikin sanda mai juyawa tare da injin. In gudu ya yi yawa ƙwallayen su buɗe su yi sama, su ja wani hannu ya rage tururi. In gudu ya ragu su sauko, tururi ya ƙaru. Sunan da Turawa suka ba na'urar shi ne dai wanda suka ba mai mulkin lardi. Jikarta na nan a cikin ɗan janareton da ke ƙofar shagon kowane mai aski a Tudun Wada. Ita ce ke riƙe injin a wajen zagaye 3000 a minti, kuma ita ce ke sa ka ji ya yi nishi ya ƙara wuta da zarar an jona dutsen guga.

Wanda ya zauna da janareto ya san wata cutarsa: ya riƙa hawa yana sauka, ƙwan fitila na haske yana dushewa, kamar mai haki. Irin wannan rawa ce James Clerk Maxwell ya zauna ya yi wa lissafi a wata maƙala ta 1868. Abin da lissafin ya nuna, in muka sauƙaƙa shi, shi ne na'urar da ke gyara da ƙarfi fiye da kima, ko take gyarawa a makare, ita da kanta ke haddasa rawar. Ta ga gudu ya yi ƙasa, ta danna, ya zarce, ta janye, ya faɗi, haka dai.

Sai aka koma wurin matuƙin jirgi don a koyi magani. Nicolas Minorsky, injiniya haifaffen Rasha da ya yi wa sojan ruwan Amurka aiki, ya lura da yadda ƙwararrun matuƙa ke riƙe hanya, ya wallafa abin da ya gano a 1922. Gwani ba ya duba nisan da jirgi ya kauce kaɗai. Yana duba saurin da yake kaucewa, don ya fara sassauta hannu tun kafin goshin jirgi ya dawo daidai, in ba haka ba zai zarce. Yana kuma lura da ƙaramar karkata da ta daɗe ba ta gyaru ba, alamar iska ko igiyar ruwa na tura shi gefe, sai ya ɗan riƙe katakon a karkace don ya biya ta. Aka mayar da waɗannan abubuwa uku lissafi, aka gwada a jirgin yaƙi mai suna New Mexico a 1923. Duk wanda ya yi darasin sarrafa na'urori a jami'a ya haɗu da wannan lissafi, galibi ba tare da an gaya masa hannun wani matuƙi aka kwafa ba. Mu dai haddace shi muka yi don jarrabawa.

A 1948 Norbert Wiener, masanin lissafi a MIT, ya so ya raɗa wa wannan fanni suna, fannin yadda na'ura da mai rai ke auna sakamakon aikinsu su gyara. Ya tsallake Latin ya koma kalmar Girkanci ta asali, ya kira shi cybernetics, ya kuma ce yana girmama maƙalar Maxwell ne. Gutsuren farko na wannan suna shi ne "saiba" da ke jikin kafe ɗin da muka riƙa bin layi muna cike fom ɗin JAMB, da jikin sunan dokar laifukan intanet ta 2015. Da Google ya fitar da Kubernetes a 2014, tsohon aikin nan dai aka ba ta. Kai za ka rubuta mata yadda kake son abubuwa su kasance, misali kwafi uku na wata manhaja su riƙa aiki a kowane lokaci. Ita kuma ba ta da aiki sai dubawa: nawa ke aiki yanzu, nawa aka ce, mene ne bambanci. In ɗaya ta mutu da tsakar dare ta tayar da wata, ta koma dubawa.

Wannan ne ya sa ba ma cikin masu cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar ilimin kwamfuta ba. Wanda ya fara kiran abin nan da muke ja a kan tebur linzamin kwamfuta ya fi Baturen da ya kira shi ɓera hangen aikin abin, haka wanda ya ce makami mai linzami. Amma linzami umarni ne daga hannu zuwa baki, ya dace da abin da mutum ke ja da kansa. Manhajar da ke duba kanta tana gyarawa ba linzami ba ce, kuma da muka so yi wa yaron nan bayaninta ba mu sha wahala ba. Muka ce masa matuƙiya ce. Ya gane nan take, domin ya taɓa tuƙa keke a cikin yashi, ya san hannu ba ya hutawa ko da hanya a miƙe take.

Su kuwa matuƙan ainihi suna nan, ba su koma tarihi ba. A Neja da tafkin Kainji da madatsun ruwan Kano, mutumin da ke zaune a gindin kwale-kwale riƙe da filafili, ko da hannun injin da aka rataya a baya, aikin da gubernator ya yi shi yake yi, a wurin da ya zauna yake zaune. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima yana nutsewa har bakinsa ya kusa daidai da ruwa, yana jinkirin amsa hannu, kuma juyi kaɗan ko igiyar ruwa ɗaya ta isa ta sa ya sha. A nan gwanintar matuƙi ba ta da sauran wurin aiki, an riga an yanke maganar tun a bakin gaɓa, lokacin da ake ƙirga kuɗin fito. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya nutse da mutum fiye da 150 a cikinsa, kaɗan aka ceto da rai. Wata shida bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba, wani ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya daga ƙauyen Badau, suna kan hanyarsu ta zuwa Mauludi.